Taswirar Gangaren Gombe da Ta Fito Launi Ɗaya: Nazari Kan Daidaita Ma'aunin Launi da Abin da Ido Ke Gani

Wani matashi da ya karanci safiyo, mazaunin garin Gombe, ya karɓi aikin haɗa taswira ga wani kwamitin masu unguwanni da dattawa waɗanda suke son a nuna musu, tun kafin damina ta kankama, ta inda ruwa yake gangarowa cikin gari da kuma inda yake taruwa. Wannan buƙata ba baƙuwa ba ce ga wanda ya san Gombe, domin garin a gangare yake kwance, yammacinsa ta wajen Tumfure yana bisa, gabashinsa yana ƙasa, kuma ruwan da ya sauka a tudu yakan ratsa tsakiyar unguwanni da ƙarfi yana cin ƙasa mai yashi, ya bar kwazazzabai a bayansa kafin ya nufi gabas wajen kogin Gongola. An kawo mini aikin in duba ne bayan ya ci tura har sau biyu, kuma abin da ya ja hankalina shi ne cewa babu ko lamba ɗaya da ta kasance kuskure a cikin bayanan da matashin ya yi aiki da su. Matsalar gaba ɗayanta a wajen rabon launi take.

Bayanan da ya ɗauko su ne na SRTM, wato awon tsayin ƙasa da kumbon Endeavour na Amurka ya yi da na'urar rada cikin kwana 11 a watan Fabrairun 2000. Irin waɗannan bayanai an jera su ne kamar guraben dara: an raba ƙasa gurbi gurbi, kowane gurbi yana da faɗin kimanin mita 30 a kowane gefe, kuma a cikinsa akwai lamba guda da ke faɗin tsayin wurin daga matakin teku. Manhajar taswira ba ta da wani hoto na asali da take nunawa. Abin da take yi shi ne ta ɗauki jerin launuka, ta ɗora farkonsa a kan wata lamba da ake kira iyakar ƙasa, ta ɗora ƙarshensa a kan wata da ake kira iyakar sama, sannan kowane gurbi ya sami launinsa gwargwadon inda lambarsa ta faɗa tsakanin iyakokin biyu. Saboda haka duk wanda ya zaɓi waɗannan lambobi biyu, mutum ne ko na'ura, shi ne ya yanke abin da mai kallo zai gani.

Fayil ɗin da ke hannun matashin na Najeriya ne baki ɗaya. Ya buɗe shi a QGIS, manhajar taswirar da yake aiki da ita, ya ɗora masa launi, ƙasar ta fito tsaf: bakin teku daban, tsaunukan Jos daban, Mambila daban. Da ya janyo Gombe kusa har ta cika allon kwamfutar, sai garin ya zama shimfiɗa ɗaya mai launi ɗaya, kamar zanen da aka tsoma a baba sau guda, babu alamar tudu balle kwari. Tunaninsa na farko shi ne fayil ɗin ya lalace, har ya ɓata data wajen sake sauko da shi.

Lissafin abin da ya faru gajere ne. Ƙasar Najeriya ta fara daga sifili a bakin teku, ta kai mita 2,419 a ƙololuwar Chappal Waddi da ke jihar Taraba kusa da iyakar Kamaru, kuma tsakanin waɗannan lambobi biyu manhajar ta shimfiɗa launukanta, domin idan ba a ce mata komai ba daga dukan fayil take ɗaukar iyakokinta. Mafi yawan garin Gombe kuwa yana zaune ne tsakanin kimanin mita 400 da mita 600, kuma da waɗannan lambobi biyu zan ci gaba da misali domin sauƙin lissafi. Tazarar mita 200 a cikin 2,419 kashi 8 cikin ɗari ce da 'yan kai. Idan jerin launin yana da matakai 256, wanda shi ne adadin da aka saba da shi, kowane mataki ya ɗauki sama da mita 9, garin gaba ɗayansa kuma ya sami matakai 21 kacal, dukansu maƙwabtan juna waɗanda ido ba ya iya rarrabewa. Sauran matakai 235 an ajiye su ne domin fadamun Neja Delta da duwatsun Taraba, wuraren da ba sa ma kan allon. Janyo taswira kusa yana sauya abin da mutum yake kallo, amma ba ya sauya abin da na'urar ta ƙidaya.

Wannan ba aibin QGIS ba ne ita kaɗai, kuma a ganina ba aibi ba ne ma. Wanda yake zana taswira da harshen kwamfuta na Python zai tarar cewa matplotlib, manhajar zane ta wannan harshe, tana ɗaukar iyakokin launi daga dukan lambobin da aka miƙa mata, ko da an taƙaita gefen da za a nuna, sai fa idan an rubuta mata vmin da vmax, wato iyakar ƙasa da ta sama, da hannu. Haka manhajar zane ta ggplot2 take yi a harshen kwamfuta na R idan aka taƙaita kallo ba tare da yanke bayanan ba. Masu waɗannan manhajoji sun zaɓi launi ya tsaya a kan ma'anarsa, kada ya riƙa sauyawa a bayan idon mai aiki, kuma abin da ya faru daga baya a wannan aiki ya nuna cewa suna da hujja.

Gyaran farko da matashin ya gwada shi ne ya yanke garin daga babban fayil ta bin iyakar unguwannin. Dabarar daidai ce, sai dai iyakar gari ba murabba'i ba ce, fayil kuwa dole ya zama mai kusurwa huɗu, don haka guraben da suka faɗa wajen iyaka sai da aka cika su da wata lamba, kuma da yake bai gaya wa manhajar cewa waɗannan gurabe fanko ne ba, sai ta cika su da sifili ta kuma ƙidaya su a matsayin ƙasa ta gaskiya. Ma'aunin ya koma daga 0 zuwa 600, kashi biyu cikin uku na launukan suka tafi ga tsayin da babu shi a Gombe. Da ma sauƙi ya samu, domin a ainihin fayilolin SRTM lambar da ake sa wa gurbin da ba a auna ba ita ce 32768 a ƙasa da sifili, kuma gurbi ɗaya tak mai wannan lamba, idan aka ƙidaya shi, ya isa ya mayar da taswirar ƙasa guda launi ɗaya. Wannan ya gyaru cikin minti biyu da zarar an yi wa sifilin alamar fanko.

Gyara na biyu ne ya kai shi ga jin kunya, kuma a kansa zan daɗe. A wajen saita iyakokin launi QGIS tana ba da zaɓi uku game da yankin da za a ƙidaya: dukan fayil, ko abin da ke kan allo a wannan lokaci, ko kuma a riƙa sake ƙidaya duk sa'ad da aka motsa taswirar. ArcGIS Pro, wata manhajar taswirar, ita ma tana da irin na ukun, wanda ake kira DRA a taƙaice. Da matashin ya kunna shi sai ya ga abin da ya daɗe yana nema, domin duk inda ya kai allon, wurin yakan ɗauki launuka gaba ɗaya daga mafi duhu zuwa mafi haske, kowane kwari ya bayyana kamar jijiya a bayan hannu. Cikin murna ya janyo kowace unguwa daban, ya ɗauki hotonta, ya buga wa kowane mai unguwa tasa takardar, ya kuma cire mabuɗin taswirar, wato ɗan jadawalin da ke faɗin ma'anar kowane launi, saboda ya ga yana cinye wuri a takarda.

A wajen taron, wani dattijo ya karɓi takardar maƙwabcinsa ya jera ta da tasa a kan tabarma, ya ɗora yatsa a kan titin da ya raba unguwanninsu, ya ce, "Ɗana, wannan titin a takardata duhu ne, a tasa kuwa fari ne sol. To, a kwari yake ko a tudu?" Matashin ya ce, "Baba, ai duka biyun daidai ne, a wajenku shi ne ƙasa, a wajensu kuma shi ne sama." Amsar gaskiya ce, amma ba ta yi wa kowa amfani ba, domin kwamitin ya taru ne don ya san wace unguwa ce take zuba wa wace ruwa, kuma wace ce ta fi cancantar a fara yi mata magudana. Takardun da kowace take da nata ma'aunin ba za su iya amsa wannan ba. Kowace unguwa ta fito da nata wuri mafi duhu, kowane mai unguwa ya ga kwari a gidansa, aka tashi kowa yana ganin tasa ce ta fi shiga haɗari.

Idan aka ce takardar yamma ta ƙunshi ƙasa daga mita 520 zuwa 600, ta gabas kuma daga 400 zuwa 460, to launi mafi duhu a ta farko yana nufin 520, a ta biyu kuma 400, alhali wurin da ya fi ko'ina haske a takardar gabas yana ƙasa da wurin da ya fi ko'ina duhu a takardar yamma da mita 60. Mudu biyu ne masu suna ɗaya da girma daban aka kawo kasuwa ɗaya.

Akwai wata illa ta biyu da babu wanda ya lura da ita a taron, kuma ni ita ta fi damuna. Wasu unguwannin tsakiyar gari kusan a shimfiɗe suke, bambancin tudu da kwarinsu bai taka kara ya karya ba, amma da yake an tilasta wa ma'aunin ya cika launukansa, sai wannan ɗan bambanci ya fito kamar tsauni da rami. Ga shi kuwa SRTM ba awon kusa ba ne. Lambobinsa cikakkun mitoci ne babu ɓurɓushi, kuma burin da aka sa wa aikin tun farko shi ne kuskuren tsayi kada ya wuce mita 16, kuskuren da ke tsakanin wuri da maƙwabcinsa kuma kada ya wuce mita 10. Bayan haka rada ba ta ratsa kwano, ba ta kuma ratsa ganye sosai, don haka a cikin gari abin da take aunawa ya haɗa da rufin gidaje da kawunan itatuwan darbejiya. Idan aka shimfiɗa matakai 256 a kan tazarar mita 15, yawancin ƙyalle-ƙyallen da za a gani ba siffar ƙasa ba ce, kuskuren awo ne aka yi wa ado. A ɗaya daga cikin takardun na ga wani ɗan tudu mai haske a tsakiyar unguwa, da na tambaya sai aka ce ai wurin rukunin manyan itatuwa ne.

Shawarar da na ba shi ta tsaya a kan tambaya guda: wane yanki ne mai karatu yake son ya kwatanta sassansa da juna? Wannan yanki shi ne abin da ya kamata a kira abin da ke kan allo, kuma tambayar kwamitin ce take yanke shi, ba inda hannun mai zane ya tsaya da linzamin kwamfuta ba. Muka zana akwati ɗaya da ya haɗe dukan unguwannin kwamitin, ya kuma miƙa yamma ya ɗauko tudun da ruwan yake fitowa, domin taswirar ruwa da ta bar mafarinsa a waje rabin labari ce. Muka sa manhajar ta ƙidaya iyakoki a cikin wannan akwati sau ɗaya, da cikakkiyar ƙidaya maimakon kintacen da takan yi don sauri, sannan muka kashe sabuntawar, muka rubuta lambobin da hannu domin kada su sake motsi ko da an janyo wata unguwa kusa.

A nan wata matsala ta ɓullo, domin akwatin ya kamo gefen dutsen Liji da ke gabashin gari, kuma ƙololuwarsa ta ja iyakar sama ta yi nisa da inda mutane suke zaune. Maganin da aka saba yi wa irin wannan saniyar ware shi ne a datse gefe biyu, a jera guraben daga mafi ƙasa zuwa mafi bisa, a ɗauki iyakar ƙasa a kashi 2 cikin ɗari na jerin, iyakar sama a kashi 98, abin da ya wuce nan kuma a ba shi launin ƙarshe. QGIS tana da wannan a shirye da waɗannan lambobi, xarray ma, wata manhajar sarrafa bayanai a Python, da su take aiki idan aka nemi ta kauce wa lambobin da suka yi fice. Matashin ya so ya danna shi ya huta, ni kuwa na hana, saboda dalilin da lissafi zai nuna. A ce akwatin yana da kilomita 15 a kowane gefe. Gurabensa 500 sau 500 ne, wato 250,000, kashi 2 cikin ɗari na wannan kuma gurabe 5,000 ne, kowanne murabba'in mita 900, jimilla hekta 450. Datse kashi 2 na sama asarar kan dutse ce da tudun da babu wanda ya tambaya a kansu. Datse kashi 2 na ƙasa kuwa yana nufin a shafe bambanci a cikin hekta 450 mafi zurfi a yankin, a mayar da su launi ɗaya, alhali can ne ruwan yake ƙarewa, kuma saboda su aka kira taron. Sai muka datse sama kaɗai, muka bar ƙasa a kan ainihin lambarta, muka rubuta a mabuɗin cewa launi na ƙarshe yana nufin mita 600 da abin da ya fi haka.

Daga nan muka bar launin da ke zarcewa a hankali muka koma matakai ƙidayayyu, kowane mataki mita 20, wanda ya ba da matakai goma tsakanin 400 da 600. Na zaɓi 20 ne da gangan domin ta fi kuskuren awon girma, ta yadda duk inda launi ya sauya a takarda akwai dalilin gaskata cewa ƙasa ma ta sauya, kuma lambobi irin 420 da 440 suna da sauƙin faɗa a baki fiye da 417.3 da na'ura takan fitar idan aka bar ta ta raba da kanta. Unguwannin da suke a shimfiɗe suka koma launi ɗaya ko biyu, kamar yadda suke a zahiri, tudun itatuwan nan kuma ya ɓace.

Game da jerin launin kansa ban tsawaita ba. Matashin ya fara da launukan bakan gizo, inda tudu yake fitowa ja, mutanenmu kuwa da sun ga ja a takardar hukuma haɗari suke karantawa, alhali a nan ja yana kan wurin da ruwa ba ya kwana. Muka koma viridis, jerin da ke tafiya daga shuɗi mai duhu zuwa rawaya, wanda matplotlib ta mayar da shi na asali tun fitowarta ta 2.0 a 2017. Amfaninsa a wurinmu na zahiri ne: haskensa yana ƙaruwa a jere ba tare da komawa baya ba, don haka idan mai unguwa ya kai takardar shago aka yi mata fotokwafi baƙi da fari, kuma na san za a yi, kwari zai ci gaba da zama duhu, tudu kuma haske.

Ban hana matashin amfani da ma'auni mai sabunta kansa ba, domin ni ma da shi nake aiki idan ina leƙe-leƙen bayanai ni kaɗai, ina neman inda wani rafi ya bi ko inda fayil yake da rami. A wannan hali mai kallo shi ne mai motsa taswirar, ya san cewa launi yana sauyawa, kuma lambobin suna gabansa. Da zarar hoto ya bar kwamfuta ya hau takarda ko ya shiga WhatsApp, wannan sani ba ya bin sa. Akwai kuma abin da muka sadaukar da saninmu: taswirar da muka tsayar a kan 400 zuwa 600 ba za a iya jera ta da ta Bauchi ko ta Jos a kwatanta launi da launi ba, kuma idan wata rana aka nemi ta dukan ƙananan hukumomi 11 na jihar, daga kwarin Gongola a Dadin Kowa har tsaunukan Tula, dole a sake zana akwati a sake ƙidaya, garin Gombe kuma ya sake komawa 'yan matakai kaɗan a cikinta.

A zama na biyu an liƙa babbar taswira ɗaya ta dukan yankin a bango, aka raba ƙananan takardun unguwanni waɗanda launinsu yake daidai da nata, kowace da mabuɗinta a gefe. Dattijon nan ya sake jera takardarsa da ta maƙwabcinsa, titin ya fito launi ɗaya a duka biyun, aka kuma ga a fili cewa unguwarsa tana mataki biyu sama da ta maƙwabcin, wato ruwansa ne yake sauka a kansu. Muhawarar ta koma kan inda za a tare ruwan a sama maimakon wanda ya fi kowa shan wahala. Sai wani ya tambayi dalilin da ya sa kwazazzabon da ya ci bayan gidajensu a 'yan shekarun nan bai fito ba. Matashin ya bayyana masa cewa awon na shekarar 2000 ne, kuma ramin da faɗinsa bai kai mita 30 ba yana iya ɓacewa a cikin gurbi ɗaya ko da yana nan tun lokacin, don haka babu wani saitin launi da zai fito da shi. Aka tsayar da cewa kowace unguwa za ta ba da matasa biyu su bi bakin kwazazzabai da ƙafa suna ɗaukar wurin da GPS na waya, a ɗora layukan a kan taswirar da baƙin zane. A ƙasan mabuɗin kowace takarda kuma aka ƙara layi biyu: na farko yana faɗin cewa launukan dukan takardun ma'auninsu ɗaya ne, daga mita 400 zuwa 600 a matakan mita 20, na biyu yana faɗin cewa an auna tsayin ƙasar a watan Fabrairun 2000.